Motarka ta kwana a durƙushe? Yadda ake gano yoyon iska a tsohuwar mota da gyara shi

Duk wanda ke riƙe da tsohuwar Lexus LS430 mai jakar iska a madadin sifirin, ko GX470, ko Lincoln Town Car, ko Mercedes S-Class W220, ko Range Rover L322 a Jidda ko Makka ya san wannan safiyar: ka fito ka tarar da mota ta karkata gefe guda, ko bayanta ya zauna a kan taya. Ka tayar da injin, kwamfaresa ta yi ƙugi, mota ta miƙe, sai ka ce ai ta warke. Ba ta warke ba. Iska ce ke sacewa, kwamfaresa kuma tana biyan bashin kullum, har ranar da za ta ƙone. Mafi yawan kwamfaresar da ake canzawa a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, yoyo ne ya kashe ta, don haka wanda ya sa sabuwa bai toshe yoyon ba, kuɗin wata yake tarawa.

Kafin komai, tabbatar motarka ta iska ce. A nan Saudiyya ana yawan kiran duk motar da ke hawa da sauka "haidirolik", alhali LX470 da Land Cruiser masu tsarin daidaita tsayi na AHC da mai suke aiki, wannan bayanin bai shafe su ba. Ta iska tana da jakar roba a madadin sifirin, wadda masu warsha, wato makanikai, ke kira balona ko girba, da kwamfaresa mai gwangwanin busar da iska a jikinta, da siraran tiyo na leda, da akwatin bawul mai raba iska, da na'urar auna tsayi a kusa da taya. Wasu suna da tankin ajiyar iska.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada ka shiga ƙarƙashin motar da iska kaɗai ke riƙe da ita. Tiyo ɗaya ya fice, motar ta faɗo kafin ka janye hannu. A sa ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi, a kashe tsarin. A Town Car makunnin yana cikin but, a GX470 akwai maɓallin kashe daidaita tsayi kusa da direba, a sauran sai a cire fis ɗin da littafin motar ya nuna.

Gwajin kwana

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi da iska daidai, ba kaya a ciki. Bar injin yana aiki har ta kai tsayinta, ka rufe ƙofofi, ka kashe. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin madigadi, kowace ƙafa daban, ka rubuta lambobi huɗun. Daga nan ka kashe tsarin ko ka cire fis. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, shi ne kuma ke fayyace komai, domin irin su Range Rover suna farkawa da kansu cikin dare su daidaita jiki: ƙafa ɗaya ta sauka, kwamfuta ta sauke sauran ukun su bi ta, da safe ka ga mota a ƙasa gaba ɗaya ka rasa mai laifin.

Bayan awa 8 zuwa 12 ka sake awo. Saukar da ba ta kai santimita ɗaya ba a duk ƙafafu ba abin damuwa ba ce. Iskar da aka cika a zafin digiri 45 tana tsukewa da kusan kashi 6 cikin 100 idan ta huce zuwa digiri 25, kuma a Riyad ko Madina tazarar zafi tsakanin rana da asuba tana da yawa. Abin nema shi ne bambanci tsakanin ƙafafu.

Ƙafa ɗaya ta sauka: balonarta, ko tiyonta, ko bawul ɗinta. Ƙafafun baya duka sun sauka amma ɗaya ta fi: yawanci wadda ta fi saukar ce ta ja 'yar'uwarta. Mota ta kwana a tsaye da fis a cire, amma tana sauka idan fis na ciki: ba yoyo ba ne, na'urar auna tsayi ce ke ba kwamfuta labarin ƙarya, ko sandarta ta lanƙwashe, ko gwiwarta ta ci tsatsa. Wata ƙafa ta ƙaru maimakon ta ragu: bawul ne ke zurarar da iskar tanki a ciki, sabulu ba zai nuna wannan ba.

Ruwan sabulu

Zuba cokali biyu na sabulun wanke-wanke a rabin lita na ruwa cikin kwalbar feshi. Ka fara wanke ƙura da ruwa zalla, ka yi aikin a inuwa, don a rana ruwan yana bushewa kafin kumfa ta taso. Tsarin ya kasance cike da iska.

Fara da balona. Ba a tsakiyarta take fashewa ba, sai a wurin da robar ke naɗewa a kan gindinta, inda take lanƙwasa a kowane gargada. Zafi yana busar da roba, yashi yana shiga cikin ninkin yana gurzarta. Wayon wannan tsagar shi ne tana ɓuya: a wani tsayi ninki ya rufe ta, a wani ta buɗe. Shi ya sa mota takan kwana uku lafiya, rana ta huɗu ta durƙusa, musamman idan an ajiye ta da taya ɗaya a kan dakalin titi. Saboda haka ka ɗaga motar zuwa tsayinta na sama da maɓalli, in babu maɓalli ka ɗaga jikin da jak santimita uku zuwa biyar har ninkin ya warware, sannan ka fesa ko'ina, har bayan da ido ba ya gani. Ƙaramin madubi da tocila suna taimakawa. Babban yoyo yana hura ƙwai-ƙwai nan take. Ƙarami sai an jira minti biyu zuwa biyar, ya fito kamar farar kumfar aski. Robar da ta yi tsage-tsage kamar busasshiyar laka ta gama aiki ko ba ta yi kumfa ba yau.

Daga nan ka bi mahaɗar tiyo a kan balona. A W220 ka buɗe bonet ka fesa a saman ƙafafun gaba, wurin da tiyo ke shiga, domin abin da ya liƙe kan yana tsagewa da tsufa, kuma ana samun kayan gyaran wannan kan shi kaɗai. A Town Car kowace balona tana da bawul ɗinta na lantarki a wuya, mai zoben roba, yoyon yakan kasance a zoben. Sai ka bi tiyo daga farko har ƙarshe, ka fi dubawa inda ya goga da ƙarfe ko ya matso salansa. Ƙarshe akwatin bawul, da tanki, da bakin kwamfaresa. A Jidda da Yanbu gishirin iskar teku yana cin ƙarfe, ka duba ɗinkin tanki da kyau. In ka gama ka ɗauraye sabulun.

Idan kumfa ta ƙi fitowa, raba gardama. Sauke iskar wannan ƙafar, cire tiyo daga balona, ka ɗaura guntun tiyo mai bakin bawul irin na taya. Da nauyin mota a kanta, hura ta zuwa tsayin da ka rubuta, ka bar ta ta kwana. Ta sauka, balona ce. Ta tsaya, laifin yana tiyo ko akwatin bawul. Wannan gwajin bai kai kuɗin cin abincin rana ba, yana kuma hana sayen kayan da lafiyarsu ƙalau.

Gyara

Tiyo shi ne mafi sauƙi. Na Mercedes milimita 4 ne, na Land Rover galibi milimita 6, amma auna naka kafin ka saya. Saki iskar a hankali, don matsin tanki yana haura bar 10. Yanke wurin da ya lalace da reza ko abin yankan tiyo, yanka a miƙe. Filaya tana matse bakin, matsattsen baki kuwa ba ya zama a zobe. Haɗa da mahaɗa ta tiyon iska, ka tura har ta tsaya, ka ja baya kaɗan ka ji ta kama, ka ɗaure tiyon nesa da abin da ya ci shi. Mahaɗar tagulla da ke shiga jikin leda ba ta son ƙarfi, in ka matse da yawa zaren ya tafi. Salatif da gam ba sa riƙe wannan matsin. Maganin faci da ake zubawa a taya kuwa kada ya kusanci tsarin, yana bin tiyo ya toshe bawul.

Balona ba a yi mata faci. Ana canza ta, kuma biyu-biyu, dama da hagu, tunda shekarunsu ɗaya, rana ɗaya suka sha. A tashlih, wato wurin sayar da sassan tsofaffin motoci, na Bariman a Jidda ko na Ha'ir a Riyad, za ka samu noti, da maƙalai, da na'urar auna tsayi, har da akwatin bawul mai kyau, amma balonar tashlih tsohuwar roba ce da ta ƙara shan rana a fili. A ganina gara sabuwa ta kamfani mai suna ko ba ta asali ba ce.

Wajen ɗaurawa, goge mazaunin tas, ko ƙwayar yashi kada ta rage. Sa sabbin zobba, ka shafa musu man silikon kaɗan. Baƙin mai ko giris yana kumbura roba. Bawul ɗin Town Car hawa biyu yake fita: ka murɗa ka ja zuwa hawan farko, ka jira iska ta ƙare, sannan ka murɗa na biyu. Duba kada balonar ta murɗe. Kura-kurai biyu ne ke kashe sabuwar balona tun ranar farko: hura ta alhali taya na reto ba nauyi, da sauke mota gaba ɗaya a kanta tana fanko, robar ta ninke ba daidai ba ta tsinke. Sauke jak har motar ta kusa tsayinta na kullum, kunna tsarin, bari iska ta shiga ta karɓi nauyin, sannan ka zare jak. Sake fesa sabulu a duk inda ka taɓa, ka maimaita gwajin kwana.

Sai a koma kan kwamfaresa, tunda ita ta sha wahalar. Lafiyayya takan yi aiki na ɗan lokaci ta yi shiru. Wadda ke daɗewa tana ƙugi, ko take yankewa don zafi kafin mota ta miƙe, zoben fistin ɗinta ya cinye, kuma ga nau'o'i da yawa ana sayar da zoben shi kaɗai. Buɗe gwangwanin busar da iska. Ƙwayoyin silika da ke ciki suna shanye laima, a garin da ke da raɓa irin Jidda kuwa suna ƙoshi da wuri, balle idan yoyo ya sa kwamfaresa zuƙar sabuwar iska ba hutu. In sun jiƙe ko sun zama gari a canza su, garin ne ke bin tiyo ya hana bawul rufewa. Canza matatar da take shaƙar iska ta ciki, ka canza rile, wato makunnin lantarkin da ke kunna kwamfaresa, tare da ita ko da tsohon yana aiki, domin rile da ya manne yana barin ta tana gudu bayan an kashe mota, ta ƙone, batir ya mutu. In ka taɓa na'urar auna tsayi, sai an sake saita tsayin motar.

Akwai masu cire iskar gaba ɗaya su sa sifirin. A Town Car abin yana da sauƙi, don 'yan'uwanta Crown Victoria da Grand Marquis da yawa da sifirin suka fito. A Mercedes da Range Rover sai an ƙara wata na'ura da za ta kashe fitilar gargaɗi, laushin tafiyar ma ya ragu. Ga mai ɗaukar iyali da kaya daga Makka zuwa Madina ko hawan Hada zuwa Ɗa'if, iskar ce ke hana bayan mota zama, fitilun gaba su kalli sama. Idan kwamfaresa da akwatin bawul suna da rai, sau da yawa balona biyu da sabbin zobba sun fi arha a kan sauya tsarin duka.