Darasi na Bakwai: Gwajin Mantuwa da Ciwon Damuwa ga Tsofaffi ta Wayar Hannu

A gidaje da yawa akwai tsohuwar da za ta tambayi jikanta sau uku ko ya ci abinci, ko kuma dattijon da ya daina fita majalisa, ya rage cin tuwo, ya koma zaman ɗaki ba ya son magana. Abin da aka saba cewa shi ne tsufa ne, daga nan a rufe zancen. Likitoci kuwa suna raba abubuwa biyu da ke ɓuya a bayan wannan kalma. Na farko shi ne ciwon damuwa, wato baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya kai mako biyu bai saki mutum ba. Na biyu shi ne raunin tunani marar tsanani, wato mantuwar da ta wuce ta sa'o'in mutum, amma ba ta hana shi yin sallarsa da cefanensa da kansa ba. Wasu masu irin wannan rauni yakan kai su ga gigin tsufa, wasu kuma su tsaya a yadda suke, wasu ma su farfaɗo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da gigin tsufa, kuma sama da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki.

A da da takarda da biro ake yin gwajin, yanzu kuwa an zuba tambayoyin a manhajar wayar hannu ko kwamfutar hannu. Ma'aikaciyar lafiya za ta zauna kusa da tsoho, ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, zan faɗi kalmomi biyar, ka riƙe su, an jima zan tambaye ka." Kafin ta dawo kansu za ta sa shi ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya kuma zana agogo a fuskar na'urar, hannayensa su nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Waɗannan suna cikin gwajin MoCA, wanda likita Ziad Nasreddine ya tsara a birnin Mantiriyal na Kanada, aka kuma wallafa shi a 2005. Makinsa 30 ne, ana ɗaukar 26 zuwa sama a matsayin lafiya, kuma bai cika wuce minti goma ba. Fifikon na'ura a kan takarda shi ne tana haɗa maki ba kuskure, tana adana sakamakon bana a kwatanta da na baɗi, wasu manhajojin ma suna auna daƙiƙa nawa hannu ya tsaya cak kafin ya sa lamba a jikin agogon.

Shi ciwon damuwa tambayoyinsa daban ne. Wanda aka fi amfani da shi ga tsofaffi ana kiransa GDS, an tsara shi a Jami'ar Stanford ta Amurka da tambayoyi 30, daga baya a 1986 aka taƙaita su zuwa 15. Amsarsu e ko a'a ce kawai, kamar a tambayi mutum ko ya gamsu da rayuwarsa, ko ya fi son zaman gida a kan fita. A mai tambayoyi 15 ɗin, maki sama da biyar yana nufin a ƙara bincike. Dalilin haɗa gwaje-gwajen biyu shi ne cututtukan suna kama da juna: wanda damuwa ta danne ba ya iya tattara hankalinsa, sai ya faɗi gwajin mantuwa alhali ƙwaƙwalwarsa ba ta lalace ba. Sau da yawa shi ne ke saurin cewa bai sani ba, yayin da mai ainihin mantuwa yake ƙoƙarin amsawa ko da zai yi kuskure. Ciwon damuwa kuwa yana da magani, kuma idan ya lafa tunani yakan dawo.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muka koyi karatu da girma. Tsohon da bai taɓa riƙe biro ba, wanda da inuwa da kiran salla yake gane lokaci, idan aka ce ya zana agogo da yatsa a kan gilashi zai faɗi, kuma laifin na gwajin ne. MoCA yana ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, amma a ganina wannan bai isa ga wanda bai shiga aji ko sau ɗaya ba. Shi ya sa masu bincike suka samar da gwajin IDEA a gundumar Hai ta Tanzaniya, aka kuma jarraba shi a Ibadan. A cikinsa ana jera tsinkayen ashana huɗu a wata siffa a ce mutum ya kwaikwaya, a kuma ce ya lissafa sunayen dabbobi iyakar iyawarsa cikin minti ɗaya. Saboda haka wanda ya raka tsoho ya faɗa wa ma'aikaciya tun farko ko ya yi boko ko bai yi ba, ya nemi a yi tambayoyin da harshen da tsohon ya fi ji, ya kuma tabbata an zo da tabarau idan yana sawa. Kada ya taya shi amsa, ko da tausayi ya kama shi.

Idan makin gwajin mantuwa ya yi ƙasa, ko na damuwa ya yi sama, na'ura ba ta yanke hukunci ba, rariya ce da ta ware wanda ya kamata likita ya gani. Likitan zai duba hawan jini da ciwon suga, ya auna sinadarin bitamin B12 da aikin ƙwayar wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, ya gwada ji da gani, domin kowannensu yana iya kawo mantuwa. A tafi masa da duk magungunan da tsohon yake sha a leda ɗaya, har da na barci da na gargajiya. Idan kuma tsoho ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a jira wani gwaji, a kai shi asibiti a ranar.