Shayin fada da barcin dare

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu zaman fada a nan Maradi har ƙarfe 1 na dare, ga shawara. Shayin nan mai kauri, musamman kofin farko, kafeyin ɗinsa, sinadarin da ke hana barci, na daɗewa sa'o'i a jiki. Ni kaina na sha yin juyi bisa tabarma a tsakar gida har kiran assalatu. Ku tsayar da shi daga la'asar, ku ajiye salula in za ku kwanta, haskenta na ruɗin jiki ya zaci rana ce.

Babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 kuwa awa 8 zuwa 10. Ƙarancinsa na ƙara haɗarin hawan jini da ciwon suga. Da safe ku ɗan sha hantsi, shi ke saita agogon jiki.