Yadda za ka koya ma yara ba da umarni daki-daki da Ingilishi

Malaman Ingilishi na CEG, wato ƙananan makarantun sakandare na Nijar, da ku masu koyarwa da yamma a zaure, darasin nan na "yi kaza, in ka gama ka yi kaza" don Allah kar ku fara shi a kan tabulo, wato allon aji. In ka rubuta first, then, next, after that, finally ka ce a kwafe cikin kaye, wato littafin rubutu, za su haddace su tas kamar karatun allo, amma ka ce ma yaro ya gaya maka yadda ake haɗa shayi sai ya tsaya yana kallon ka.

Fara da jiki tukuna. Kai ka ba da umarni su su aikata, ba sai sun yi magana ba: stand up, open your book, touch the door, sit down. Wannan dabarar wani Ba'amurke ne James Asher ya fito da ita a shekarun 1960, hujjarsa ita ce yaro yana jin magana ya aikata tun kafin bakinsa ya buɗe. Kuma ta dace da mu, tunda aji cike yake maƙil kuma ba ta buƙatar littafi. Minti goma ya isa, sai ka juya abin, ka fiddo yaro ɗaya ya zama malam, shi ya umarci sauran.

Daga nan sai shayi. Zo da buta da ƙananan kofuna biyu da ruwa da ɗan sukari, ban da wuta, a yi kamar akwai ta. Ka ce ma aji yau kai baƙo ne ba ka taɓa ganin shayi ba, kuma abin da bakinsu ya faɗa shi kaɗai za ka yi. Nan fa darasin yake gaba ɗaya. Wani zai ce pour the water, bai ce a ina ba, sai ka karkata ruwan kamar za ka zuba a ƙasa, aji ya ɗau ihu, shi da kansa zai gyara ya ce into the pot. Wata ta ce add sugar alhali butar a rufe take, sai ka ɗora sukarin a kan murfi ka tsaya. Ba ka gyara ma kowa ba amma sun gane an tsallake mataki, kuma a lokacin ne suke neman first da then da kansu, to yanzu ka rubuta su a tabulo.

Kurakuran da za ka ji kusan iri ɗaya ne kowace shekara, kuma suna da dalili. A Hausa muna cewa ka zuba, ki zuba, ku zuba, shi ya sa yaro yake jin dole ya sa you a gaba. Nuna masa cewa umarnin Ingilishi aikatau ne tsirara, namiji da mace da jama'a duk ɗaya, in hani ne a sa don't a gaba, shi ke nan. Na biyu daga Faransanci yake zuwa, yaran nan shekara shida suka yi a firamare suna ganin "verser", "ajouter" a rubuce kafin su haɗu da Ingilishi a sizyam, ajin farko na sakandare, sai su kawo maka to pour, to add. Goge to ɗin nan a gabansu sau da yawa har ya zama abin dariya. Sai kuma p da f, wanda mu Hausawa muka sani ciwonmu ne, pour ya koma four, put ya koma foot. Ba kowa ƴar takarda ya riƙe a gaban baki, in ya faɗi p daidai takardar za ta yi tsalle.

Rubutu ya zo daga baya. Rubuta matakai shida ko bakwai, yanke su, hargitsa, ba kowane benci su jera. Sannan kowa ya zaɓi abin da ya iya da gaske, dama fura, kwaɗon zogale, sa kuɗi a waya, alwala, ko hanya daga babbar kasuwa zuwa tasha. Wannan na hanya ni na fi son shi don waɗanda iyayensu ke bi ta Dan Issa su shiga Jibiya da Katsina a Najeriya sun san amfaninsa, kuma tun 2025 da sabon kundin mulkin Nijar ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki na ƙasa ba maganar jarrabawar BEPC ta kammala CEG kaɗai ba ce.

Wajen ba da maki kar ka fara da jan biro. A yi musanyar kaye, maƙwabci ya karanta ya kwaikwayi abin da aka rubuta a gaban aji, in ya kai ƙarshe ba tare da ya tambayi mai rubutun komai ba a ba shi rabin makin nan take, sauran rabin ka duba aikatau da kalmomin jerin a gida.