Ruwan lagireton mashin: wanne za ka saya, kuma ya ake canza shi

Da farko dai ba kowane mashin ne ke shan ruwa ba. Boxer ɗin nan da 'yan acaɓa ke yawo da ita daga PZ zuwa Samaru, da Jincheng da roba-roba, duk iska ce ke sanyaya injinsu, ba ruwansu da wannan zancen. Maganar ta masu lagireto ce, irinsu Pulsar NS200, Yamaha R15, KTM Duke da manyan mashinan da ake kawowa tokumbo.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai tara kuɗi ya sayi mashin mai tsada, ruwa na raguwa sai ya fasa fiya wata ko ya ɗebo na rijiya ya tuttula a ciki wai ai ruwa ruwa ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Ruwan rijiya da na bohol akwai gishiri-gishirin ƙasa a ciki, duba cikin butar mai shayi ka ga farin abin nan da ke kamawa, to haka yake toshe siraran hanyoyin lagireto, ga cin ƙarfe da yake yi a hankali. Sannan ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, shi kuwa kulan, wato ruwan lagireto na musamman, da aka haɗa rabi da rabi da ruwa sai wajen 107, in murfin lagireto na riƙe iska da kyau ya haura 120. Ka tuna zafin Maris da Afrilu ka maƙale a cunkoson Kwangila fanka na ta ihu, wannan tazarar ce ke ceton gasket ɗinka, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai gauraya a cikin injin.

Wajen saye kar kala ta ruɗe ka. Kore, ja, shuɗi, duk rini ne kamfani ya zuba, abin dubawa rubutun jikin galan ne. Nemi mai ethylene glycol wanda aka ce ya dace da injin alminiyam, kuma babu silicate a ciki, don silicate na cinye sil ɗin da ke hana yoyo a wata famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwa cikin injin, musamman a mashinan Japan. Wanda aka riga aka haɗa 50/50 ya fi sauƙi, zubawa kawai. In mai kauri ka samo to da ruwan batir za ka sirka, tataccen nan fa nake nufi, ba asid ba, ka tambaya da kyau a shagon kafin ka biya. Kuma dan Allah kar ka gauraya iri biyu, wani lokacin sai su kama su zama kamar kunu a cikin injin.

To canjin kansa. Yi shi da sassafe injin ya kwana a sanye, buɗe murfin lagireto da zafi ya sha ƙona mutane a fuska da hannu. Kafe mashin a wuri mai daidai, tara roba a ƙasa, nemi notin zubarwa, yawanci a jikin wata famfo yake da 'yar washa ta jan ƙarfe. Kwance shi, sannan ka buɗe murfin sama ruwan zai feso da ƙarfi, ka gyara zaman robar. Ɗan tankin ajiya na gefe shi ma a juye a ɗauraye.

In abin da ya fito ja ne mai tsatsa, mayar da noti ka cika da ruwan batir, tada injin ya ɗan yi ɗumi, bari ya huce ka sake zubarwa, har sai ya fito fes. Sai ka ɗaura notin da sabuwar washa, ba da ƙarfin tsiya ba don alminiyam ne tiredi na saurin lalacewa.

Zuba sabon da mazurari a hankali, kana matsa tiyo da hannu kana ɗan girgiza mashin iska ta fito. Nan ne da yawa ke yin sakaci, iskar da ta maƙale ita ke sa obahitin bayan an canza sai a ɗora wa kulan laifi. Tada injin murfi a buɗe na 'yan mintuna, ƙwayoyin iska su gama fitowa, ka ƙara, ka rufe, ka bari sai fanka ta tashi. Washegari da safe duba tankin gefe, ruwan ya tsaya tsakanin layin ƙasa da na sama. Ƙananan mashina wajen lita ɗaya suke ci, kuma wasu kamfanoni duk shekara 2 suke cewa a canza.

Tsohon ruwan guba ne kuma zaƙi gare shi, akuya ko kaza ko yaro na iya sha ya kashe ƙoda, ka zuba a jarka ka rufe, kar a bari a tsakar gida ko a tuttular kusa da rijiya. In kuma ka ga baƙin mai ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ko ruwa na ta raguwa ba yoyo a ƙasa, wannan ya wuce canjin kulan, kai wa bakanike ya duba gasket da sil ɗin famfo kafin ka sake hawa.