Yadda ake ƙirga ayu daga jirgin sama a lokacin sanyi

Mutumin Zariya ya fi sanin ayu a bakin masu tallan mansa. Ɗalibin nazarin dabbobi a Samaru, da mai koyon tuƙin jirgi a kwalejin jiragen sama ta Palladan, ya kamata su san shi ta wata fuskar: dabba ce mai shayarwa da ke rayuwa cikin ruwa, kuma a jihar Fulorida ta Amurka tun 1991 gwamnatin jihar ta fara tashin ƙananan jirage don ƙirga shi, aikin da daga baya ya koma hannun hukumar kula da kifi da namun dawa ta jihar. Ƙirgar farko ta ba da 1,267. Ta 2017 ta kai 6,620, ta 2019 kuma 5,733.

Sanyi ne ke tara su. Duk girman ayu, kitsen jikinsa bai kai ya kare shi ba. Idan ruwa ya daɗe ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, fatarsa kan yi gyambo, ya rame, har ya mutu. Saboda haka da hunturu ya kama, sai su baro wuraren kiwo su cunkushe inda ruwa ke da ɗumi: maɓuɓɓugai irin su Blue Spring da na Crystal River, masu zama kusan digiri 22 duk shekara, da magudanan da tashoshin wutar lantarki ke sako ruwan ɗumi, kamar ta Big Bend kusa da Tampa. Kamar dai almajirai sun kewaye wuta da asubar Janairu. Mai son sanin yawansu a lokacin zai zo.

Ba a sa ranar tashi a kalanda, yanayi ake jira. Sharuɗɗan da hukumar ta yi amfani da su a ƙirgar su ne sanyin iska ya sauko kusan digiri 9 ko ƙasa a aƙalla kwana 3 cikin 5 kafin aikin, ruwan kewaye ya faɗi ƙasa da digiri 20, iska kada ta wuce kimanin kilomita 28 a awa, gajimare kuma kada ya sauko ƙasa da mita 150. Ranar da ta fi kyau ita ce wadda guguwar sanyin ta wuce, iska ta kwanta, rana ta fito, domin a lokacin ne ayu ke tasowa saman ruwa shan hantsi. A 2012 da 2013 sanyin bai kai ba, aka haƙura da ƙirgar gaba ɗaya. Hakan ya fi a tashi a kawo lissafin da zai ruɗa mutane.

Jirgin da ake so mai fiffike a sama ne, irin Cessna 172. Masu fiffike a ƙasa, irin waɗanda aka saba gani suna shawagin horo a saman Samaru da Kwangila, fiffiken kan tare wa mai ƙirga daidai wurin da yake son gani. Ana tafiya a tsayin mita 150 zuwa 230, da gudun kusan kilomita 130 a awa. Mai ƙirga ya zauna gaba ta dama, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da taswirar hanyarsa a kan allo, da fensir biyu, da na'urar GPS, da kyamara. Ya sa rigar sanyi ta ƙwarai, don galibi taga a buɗe take. Ya ci abinci mara nauyi, ya kuma riƙe leda kusa. Kewaye sau goma a wuri ɗaya kan juya cikin ƙato, kuma wanda jiri ya kama ba ya ƙirga komai.

Matuƙi tuƙi kawai zai yi. Kusa da tashar wuta akwai dogayen bututun hayaƙi da manyan wayoyi, idonsa na kansu.

Da an iso matattara, matuƙi ya karkata dama ya riƙa kewayawa yadda garken zai zauna ƙarƙashin taga. Zagayen farko kallo ne: ina suka taru, ta ina rana ke ƙyalli, ina ruwa ya yi duhu. Daga na biyu a fara ƙirga. Kada a bi su ɗaya bayan ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, jirgi zai juya lissafi ya ɓace. A yanka wurin gida-gida da abin da ba ya motsi, gada, turaku, bakin magudana, a ƙirga kowane gida a rubuta nan take. A maimaita har adadin ya daina ƙaruwa, a kuma ɗau hoto don a sake dubawa a ƙasa. 'Ya'ya ana rubuta su daban: wanda bai wuce rabin tsawon babbar da yake manne da ita ba, ɗa ne. A kowane wuri a rubuta lokaci, da hasken ruwa, da ƙarfin iska. Duk tawagogin gaɓar tekun gabashin Fulorida da ta yammacinta su gama cikin kwana ɗaya ko biyu, don kada ayun da aka ƙirga jiya ya yi ƙaura a sake ƙirga shi.

Daga sama ayu kamar dankalin Hausa yake, toka-toka, da wutsiya mai faɗi kamar mafici. Wutsiyar nan ita ce shaida. Dutse, inuwar kwalekwale da manyan kifaye duk kan yaudari sabon hannu. Tashin laka a ruwa alama ce cewa akwai wani a ƙasa, amma sai an ga jikinsa ake rubutawa.

Kuskure iri biyu ne, kuma duka rage lissafi suke yi. Na farko, ayun na nan amma ba zai ganu ba. Mai hutawa a ƙasan ruwa kan yi har minti 20 bai taso shaƙar iska ba, wani ruwan kuma baƙi ne kamar shayi ba madara, ga tururin da ke rufe ruwan ɗumi da sassafe. A cunkoso ma wasu kan kwanta ƙarƙashin wasu. Na biyu, yana fili amma ido ya tsallake shi. Maganin wannan shi ne masu ƙirga biyu a gefe ɗaya, gaba da baya, kowa ya rubuta nasa ba tare da magana ba. Daga bambancinsu ake lissafa abin da ido ke zubarwa. Maganin na farkon ya fi wuya, sai an auna tsawon nutsonsu da zurfin da ido ke iya kaiwa a kowane irin ruwa.

Shi ya sa adadin da aka samu ake kiransa mafi ƙarancin da ke akwai. Wanda ya ɗauki 6,620 da 5,733 ya ce ayu ya ragu da kusan 900 ya yi gaggawa, don bambancin na iya zama na yanayin ranar. Hukumar da kanta ta koma wani tsarin na zaɓen yankuna da gyaran lissafi, wanda a 2015 zuwa 2016 ya ƙiyasta 8,810.

Ana iya horar da ido tun daga Zariya. A watsa wake a tabarma, a kalla na daƙiƙa biyar, a faɗi adadi, sannan a ƙirga na gaskiya. Yawancin mutane ƙasa suke faɗa idan tarin ya yi yawa, kuma gara mutum ya san girman ragin idonsa kafin ya hau jirgi.

Amma kada a kwaso tsarin nan a ɗora wa ayun Kogin Kwara da Binuwai. Namu wani jinsin ne, ruwansa ba ya sanyin da zai tara shi, ruwan gurɓatacce ne da laka, ya fi motsi da dare saboda farauta, hazon hunturu kuma kan rufe ƙasa. A nan an fi dogara da tambayar masunta, da bin ragowar ciyawar da ya ci a bakin ruwa, da zaman jira cikin kwalekwale a guraben da ruwa ke maƙalewa da rani.