Kurakuran Da Masu Koyo Ke Yi A Kan Injin Zarto Na Tebur

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk sabon mai koyo da ya tsaya gaban injin zarto, shi ya sa na ga gara in rubuta ta. Faifan zarto mai inci 10 yana juyawa kusan sau 4,000 a minti ɗaya. Haƙoransa na gaba suna gangarawa ƙasa ne, na baya kuwa suna tasowa sama suna nufo mai aiki, kuma waɗannan na bayan su ne ke ɗaga katako su harbo shi kafin mutum ya ƙifta ido.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne haɗa shingen tsagawa da ma'aunin kusurwa a yanka ɗaya. Shingen, wato dogon ƙarfen da ke kan tebur a gefen faifai wanda ake jingina katako da shi, an yi shi ne don tsaga katako a tsawonsa, ma'aunin kuma, wanda ke zamewa a kan tebur yana tura katako zuwa faifai, don yanka shi a gicciye, amma mai koyo sai ya jingina kan katakon da shinge wai don guntayen su fito tsawo ɗaya. Ni ma na taɓa yin haka wata rana da nake yanke ƙafafun kujeru. Guda bakwai sun fita lami lafiya, na takwas sai ya maƙale tsakanin shinge da faifai, ya ɗan juya kaɗan, haƙoran baya suka cafke shi suka maka mini a haƙarƙari. Na yi mako uku ko tari ba na iya yi sai na dafe gefena. Tun daga ranar, in ina son guntaye masu tsawo ɗaya, sai in ɗaure ɗan katako mai kauri a jikin shinge nesa kafin faifai, in auna da shi, ta yadda guntun zai rabu da shi kafin ya taɓa haƙora, ya sami sararin da zai faɗa.

Na biyu shi ne cire ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan faifai, wanda aikinsa shi ne hana tsagar katako haɗewa. Sai ka ji mutum yana cewa yana tare masa gani. Me kake son gani a bayan faifai? Katakon da bai gama bushewa ba, ko mai murɗaɗɗiyar jijiya, yakan rufe bakin tsagarsa ya matse faifan, kuma idan wannan ƙarfe ba ya nan, babu abin da zai hana shi tashi. Wanda ya cire shi don yin kwarmi a jikin katako, ya mayar da shi da zarar ya gama, ba gobe ba. A wurina, injin da aka cire wa wannan ƙarfe lalatacce ne, ba na kunna shi.

Kada ka yanka katako da hannu kawai ba tare da shinge ko ma'auni ba, komai ƙwarewar idonka. Kantararren katako kuma a fara miƙar da gefe ɗaya kafin a jingina shi da shinge. Ni dai ba na barin faifai ya ɗara katako da fiye da milimita 6, ko da yake wasu sun fi son ya ɗan ƙara tashi. Idan faɗin da ke tsakanin shinge da faifai bai kai santimita 15 ba, sandar turawa ce ke shiga, ba yatsa ba, kuma tsayuwarka ta kasance a gefe, ba daidai layin faifai ba.

Safar hannu da hannun riga mai reto ba su da wuri a nan, amma tabarau na kariya dole ne. Faifai mai haƙora 24 na tsagawa ne, mai 60 zuwa 80 na gicciye, kuma wanda ya dakushe yana sa ka danna da ƙarfi har katako ya ƙone. Kafin ka canza shi ka zare filogi daga soket, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Guntun da ya rage kusa da faifai kuwa, bar shi nan sai faifan ya tsaya cak, sannan ka ture shi da sanda.