Kurakuran da ake yi da gishirin rodiyam wajen haɗa katalis

Ɗalibanmu da ke karatun kimiyyar sinadarai a Akoka da Yaba, da 'yan'uwa masu aiki a ɗakunan gwaji na masana'antun Ikeja, sukan kawo kuka iri ɗaya: an kashe kuɗi an sayo gishirin rodiyam, wani ƙarfe mai tsada da wuyar samu, aiki ya ƙi. Sau da yawa ɓarnar ta auku tun kafin a kunna wuta.

Daga saye take farawa. Rodiyam kulorayid kashi biyu ne. Akwai busasshe, RhCl3 zalla, wanda ba ya narkewa a ruwa ko a itanol, ko kwana ka yi kana motsawa. Akwai mai ruwa a jikinsa, ja mai duhu, mai narkewa nan da nan, kuma shi ake nufi idan an ce a haɗa katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aiki ba tare da ya ƙare ba. Ka duba takardar kwalba da kyau kafin ka biya.

Awo shi ne wurin da ya fi damuna. Ana rubuta mai ruwan da RhCl3·3H2O, amma ruwan da ke ciki ba tsayayye ba ne. Busasshen yana da rodiyam kusan kashi 49 cikin ɗari, mai ruwan kuwa wajen 39. Wanda ya yi lissafi da nauyin wancan alhali wannan ne a hannunsa, ya rage ƙarfen bai sani ba. Ga kuma damshin Legas: gishirin yana shan raɓa, kwalbar da aka bari a buɗe da damina sai ta yi nauyi ta dunƙule. Ka yi lissafi da adadin rodiyam da ke takardar gwajin kamfani, ka auna da hanzari, ka mayar da kwalba cikin mazubi mai busarwa. Cokalin ƙarfe ma a guje shi, gishirin yana cin sa. Na gilashi ko roba ya fi.

Sai haɗa katalis ɗin Wilkinson, wanda aka bayyana a tsakiyar shekarun 1960. Wasu kan zuba tirayifenilfosfin, sinadarin da ke maƙalewa jikin rodiyam a wannan katalis, kashi uku ga rodiyam kashi ɗaya (a lissafin ƙwayoyin sinadari, ba nauyi ba), don uku suka gani a tsarinsa. Bai isa ba. Kashi na huɗu ne ke sauke cajin rodiyam daga mataki na uku zuwa na ɗaya, shi ya sa ake zuba wajen shida, a tafasa cikin itanol ƙarƙashin naitirojin har jajayen ƙwayoyi su fito. Iska tana lalata shi idan yana narke, don haka a kore ta daga ruwan tun farko.

Mai ɗora rodiyam a kan alumina, wato sinadarin alminiyam da ake shimfiɗa katalis a kansa, ya tuna cewa ragowar kulorayid na iya dakushe aikin. A wanke sosai ko a koma ga rodiyam naitiret.

Ragowar ruwan aiki kuma kada ya tafi kwata. Duniya duka rodiyam tan 30 ko kusa da haka take haƙowa a shekara, mafi yawa daga Afirka ta Kudu, kuma a 2021 farashin oza ɗaya ya kusa dala 30,000. Yana cikin ƙarafan da suka sa ake neman abin tace hayaƙin mota a kasuwar kayan mota ta Ladipo ruwa a jallo. Ka ware kwalba guda, ka rubuta mata suna, ka riƙa tara ruwan da takardun tacewa a ciki har a kai wa masu fitar da ƙarfen.